Awa Biyar a Hayin Gulbi

Ku ɗiyana, na san abin da kunka girma kuna ji a garin nan. An ce an kore ni daga soja don an kama ni ina ƙetarar da buhunan shinkafa a motar bariki. Wasu sun ce makamai ne, akwai ma wata tsohuwa a bayan kasuwa da ta rantse ta ga an sa mani ankwa. Ƙarya ce, wallahi ƙarya ce! Ko ƙwayar shinkafa ban taɓa ɗauka ba, kuma babu ƙarfen da ya taɓa hannuna. An kore ni, wannan kam gaskiya ne. Shekara goma sha tara na yi cikin kaki, har na kai kapitan, galo uku a kafaɗa, sannan anka cire mani su a kan awa biyar da na yi a Gaya. Ku natsu ku ji yadda anka yi, don na gaji da mutanen da ba su san ƙofar bariki ba suna ba da labarina a teburin mai shayi.

Inna, kakarku, haifaffiyar Gaya ce, can hayin gulbi, bayan iyakar ƙasa. Aure ya kawo ta Malanville, da Baba ya rasu sai ta koma gidan ƙanenta, Kawu Idi. Mu kuwa ba mu taɓa ɗaukar Gaya wata ƙasa ba. Kun sani da kanku, mace tana ɗora tukunya a nan ta hau kabu-kabu ta je barkar suna can, ta komo wake bai nuna ba. Babu mai tambayarka takarda a gada, iyaka jandarma ya ce a gaida mutanen gida. Amma a littafin soja ba haka abin yake ba. Takardar hutu da ake ba mu, wadda muke ce ma parmisiyo, cikin ƙasa kaɗai take aiki. In za ka fita ƙasa, ko da taku ɗaya ne, sai manya sun sa hannu a Kwatano, kuma wanga sa hannu yana iya cin wata guda. Ban ce ban san dokar ba, ni nake koya ma sabbin soja ita. Sai dai duk hutun da na samu cikin shekarun nan ina ƙetarawa in gaida Inna, kuma manyana sun sani. Mi ya sa sunka sani? Su suke aika ni in sayo masu kilishi a can! In na kawo su lashe yatsu, su ce Kapitan ka iya zaɓe. A lokacin babu wanda ya tuna da sa hannun Kwatano.

Shekarar da nake ba ku labari an samu tsama tsakanin gwamnatocin biyu a kan maganar iyaka, sai anka karanta mana umarni cewa kada soja ya kuskura ya ƙetara. Ga shi kuma ba ma shiri da kolonel ɗin da ke riƙe da barikinmu a kudu. Ba zan rubuta sunanshi ba, bai kai ba. Ya sa a tura mashi sojan da ke hannuna su yi mashi shara a gonarshi, ni kuwa na ce iyayensu ba su kawo su soja don su riƙe hauyar wani ba. Tun daga ran nan in na sara mashi sai ya kau da kai.

Na samu parmisiyo ta kwana goma. Na iso Malanville ran Talata da niyyar in bi umarni, har na ce ma yayana Garba ya aika a ɗauko mana Inna ran Juma'a ta kwana biyu tare da mu. Garba kun san shi, dillalin albasa ne, shi ya riƙe gidanmu bayan Baba. Ran Alhamis da hantsi ina zaune rumfarshi a kasuwa, ana ta juye buhuna, sai ga wani maƙwabcin Kawu Idi ya sauka daga kabu-kabu, tun bai yi sallama ba na ga abin a fuskarshi. Inna ta yi sallar asuba, ta jingina, ba ta tashi ba. Za a kai ta kafin azahar. Garba ya yi salati, ya share ido, sannan ya riƙe mani hannu.

"Isufu, kai ka tsaya nan. Ni in tahi in wakilce mu. Ka san halin da ake ciki."

"Yaya, wa za a sa a rami?"

"Inna."

"To saki hannuna."

Ya saki. Da babbar riga na tahi, ba kaki ba. A bakin gada jandarmomi sunka miƙe sunka yi mani ta'aziyya, ɗayansu ma ya ce Allah ya sa ta huta. Babu wanda ya rubuta komai. A gidan Kawu na iske ɗanshi Amadu, wanda munka yi wasan ƙasa tare, shi ma soja ne amma na waccan ƙasa. Inna ce ta goye shi lokacin da uwarshi ta yi jinya. Ni da shi munka ɗauki gaban makara, Garba na baya. Ni da shi munka shiga rami munka karɓe ta, na juya fuskarta alƙibla da hannuna. Abin da ya shiga tsakanina da Amadu ran nan bai wuce "ya haƙuri" da "haƙuri sai ma'aiki" ba. Kafin la'asar na komo Malanville. Ko sadakar uku ban ƙetara ba, a ƙofar gidan Garba munka yi tamu.

Sati uku da komawata bariki sai ga takarda daga biron kolonel, wato ofishinshi, ta neman bayani, an ba ni kwana biyu in amsa. Wai labari ya iso cewa na fita ƙasa ba izini, kuma an gan ni kafaɗa da kafaɗa da wani sojan ƙasar waje. Kafaɗa da kafaɗa! I mana, da mi ake ɗaukar makara, da gwiwa? Na karanta har sau uku. Wasiƙa ce mara sa hannu wani ya aiko, har yau ban san ko wane ne ba, Allah ya isa tsakanina da shi. Da ina da sanyin rai da na cika shafi da ban haƙuri. Ni kuwa layi biyu na rubuta: uwata ta rasu ran Alhamis, na yi abin da ɗa yake yi. Na sa hannu na miƙa.

Daga nan abin ya kama hanyarshi, don korar hafsa tana da tsari, ba a yin ta da baki. An tsare ni kwana talatin a ɗakin da ake aje hafsoshi, ba fita ba baƙo. An karɓe sojan da ke hannuna an ba wani. Kolonel ya rubuta sama yana neman a gurfanar da ni gaban majalisar bincike, wadda muke ce ma konsay. Hafsoshi biyar ne za su zauna, su saurare ni, su jefa ƙuri'a a asirce kan tambaya ɗaya: a bar wanga mutum cikin soja ko a fidda shi. Kafin su zauna ana naɗa hafsa guda ya bi sawun maganar, ya ji shaidu, ya haɗa dosiye, wato tarin takardun shari'ar, kuma dole a ba wanda ake tuhuma ya karanta. Wanda anka naɗa mani shi ne Kumanda Biyo, mutumin kirki, dattijo mai furfura a gemu, ya taɓa koyar da ni ina sabon shiga. Har Malanville ya hau mota ya je. Da ya komo ya kira ni bironshi da rana tsaka, ya rufe ƙofa, ya tura mani dosiye a kan tebur. Da Faransanci munka yi maganar, amma ga abin da ya ce.

"Ƙanena, karanta da kyau. Jandarmomin gada sun ce ba su tuna ba. Babu hatimi, babu hoto. Wasiƙa mara suna ba shaida ba ce. Kai kuma Allah ya taimake ka, cikin fushinka ba ka rubuta inda anka binne ta ba."

Na ce, "A Gaya anka binne ta, Kumanda."

Ya ce, "Ban ji ba. Buɗe shafi na ƙarshe."

Na buɗe. Takarda ce da sa hannun Garba, da ɗan yatsanshi a ƙasa. An rubuta cewa Inna ta zo ganin gonarmu ta Madekali, nan cikin ƙasarmu, ciwo ya kama ta a can, a can ta cika, a can anka rufe ta, kuma ƙanenshi Isufu bai taka gada ba. Kumanda Biyo ya ce abin da ya rage kaɗan ne. Shugaban konsay zai tambaye ni ko na tabbatar da bayanin yayana, in ce i, shi ke nan, a rufe dosiye in koma aikina. Ya ce shi ma yana da uwa, kuma ya yi iyakar abin da zai iya.

Kwana huɗu kafin zama Garba ya iso bariki, ya kwana biyu a hanya, ƙafafunshi sun kumbura. Munka zauna a tsakar gida bayan la'asar, ni da shi da uwarku Hadiza. Ku kuna lakkwal, makarantar boko, sai ke Rabi kina ɗaki da zazzaɓi. Ban bari ya gama shan ruwa ba.

"Yaya, wa ya sa ka? Wa ya ce ka ɗauke Inna daga inda take ka kai ta Madekali?"

"Kai, rufe mani baki! Takarda ce, Isufu, takarda! Su sunka ƙirƙiro abinsu, mu ba su abin da suke so su ƙyale mu. Ni da ban iya ƙarya ba na yi ta don kai, na dangwala yatsa, sai ka zo kana tsare ni da ido?"

"Da hannuna na sa ta a rami."

"Ni ina ina? Ba ni na zuba ƙasar farko ba? Kana tsammanin ka fi ni sonta? Gidanmu kaf kai kaɗai ka yi boko, kai kaɗai ka kai inda ake sara maka. In ka faɗi wa zai tashe mu?"

Na juya wajen uwarku ina tsammanin za ta goyi bayana. Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago kai ba.

"Baban Rabi, ni ma Inna ta riƙe ni kamar ta haife ni. Amma ta riga ta kwanta, takarda ba ta tashe ta, ba ta kuma matsar da ita. Mu ne za a matsar. Ɗiya huɗu gare ka, uku suna lakkwal. Gidan ga na bariki ne. Kalma guda anka ce ka faɗa, ka faɗa, in zunubi ne mu raba."

Na yi mata tsawa, abin da ban saba ba, na ce ita ma ta shiga layinsu. Ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki. Yau da nake rubuta wanga abu na san gaskiya ta faɗa gwargwadon abin da take gani, kuma na yi nadamar tsawar. Amma ku dubi abin da anka aza mani. Ba cewa anka yi in roƙi gafara ba, da na roƙa, har ƙasa da na durƙusa. Cewa anka yi in tsaya da kakina, in sara, in ce uwata tana kwance a wurin da ba ta kwance, a buga hatimin gwamnati a kai, ya zauna har abada. Gobe in ɗayanku ya tambaye ni kabarin kakarshi, wanne zan nuna, na Gaya ko na dosiye? Kwana huɗun nan na yi su ina gaya ma kaina zan iya. Na tsaya gaban madubi ina gwada cewa i, tana fitowa sumul. Har safiyar zama niyyata ke nan, kada wani ya gaya maku wai ni jarumi ne tun farko.

An zauna da ƙarfe tara a wani zaure mai dogon tebur. Su biyar, huɗu sun girme ni a galo, ɗaya kapitan ne irina. Shugabansu wani kolonel ne daga wani bariki, ban taɓa aiki da shi ba. Garba yana waje a kan benci, da hularshi a hannu. Kumanda Biyo ya karanta dosiye tun daga farko, da lambobin yabon da na samu, da wasiƙar mara suna. Da ya kai takardar Garba sai ya karanta ta a hankali, kalma kalma. Na ji sunan Inna cikakke, Ramatu ɗiyar Alfa, a bakin mutumin da bai taɓa ganinta ba, sannan na ji an ce an rufe ta a Madekali. Wani daga cikinsu yana wasa da alƙalami, wani yana duba agogo. Shugaba ya cire tabarau ya dube ni.

"Kapitan, ka tabbatar da bayanin yayanka?"

Na buɗe baki, i ɗin nan da na yi kwana huɗu ina gwadawa ta ƙi fitowa. Abin da ya fito shi ne:

"A'a, Kolonel. Yayana ya faɗi haka ne don ya cece ni, kada a kama shi da laifi. A Gaya anka binne ta. Na ƙetara da hantsi na komo kafin la'asar. Sojan da anka gan mu tare ɗan kawuna ne, gawa munka ɗauka."

Kumanda Biyo ya rufe ido. Shugaba ya ce ko ina so a ba ni minti goma in sha ruwa in sake tunani, don magatakarda bai riga ya rubuta ba. Na ce ya rubuta. Daga nan bakina ya ɓalle, na ce a cikinsu akwai wanda ya ci kilishin Gaya daga hannuna, in ƙetarawa laifi ne to tare munka yi shi. Wannan ban da buƙatar faɗinta, amma na faɗa, kuma na ga wanda ya sunkuyar da kai. Anka fidda ni waje don su jefa ƙuri'a. Garba ya dube ni sau ɗaya ya gane. Ya sa hularshi ya nufi tasha. Shekara uku bai shiga inda nake ba.

Ba a daɗe ba anka buɗe ƙofa. Sun ba da shawarar a fidda ni. Da kowa ya watse shugaban konsay ya tsaya kusa da ni a baranda, ya yi magana ƙasa ƙasa.

"Dukanmu mun san ka je, tun kafin mu zauna. Ni ma da ni ne da na je. Ƙofa munka buɗe maka, kai ka rufe ta. Da ka ce i da yanzu kana gida da galonka."

Kun ji fa! Wannan magana ita ta fi korar ci mani rai, har yau in na tuna ta sai abinci ya fita kaina. Ashe ba ƙetarawar ce ta dame su ba. Sun san na je, sun san dalili, sun ma ce da su ne da sun je. Abin da suke so su gani shi ne ko na iya tsayawa gaban manyana in yi ƙarya ido cikin ido. Da na iya, da na cancanci in ci gaba da jan ɗiyan mutane zuwa inda ake mutuwa. Da na kasa, sai na zama mara ɗa'a. Shekara goma sha tara suna koya mani cewa maganar hafsa ita ce darajarshi, ran da na riƙe maganar sai sunka nuna mani hanya.

Shawarar ta hau sama, ta yi wata bakwai tana yawo daga biro zuwa biro, ni ina zaune gida ba aiki ba kora, maƙwabta suna sauya hanya in sun hango ni. Sannan takarda ta sauko da sa hannun manya: an cire sunana daga jerin hafsoshi saboda babban laifi ga ɗa'ar soja. Babu sunan Inna a ciki, babu maganar rasuwa. Na kai kakina da katina wajen mai kula da kaya, ya ƙirga maɓallai ya ba ni takarda in sa hannu. An ba mu sati biyu mu fita daga gidan bariki.

Motar da ta kawo albasa kudu ita munka samu za ta koma Malanville wayam, a cikinta munka loda gado da tukwane da ku. Kun fita lakkwal a tsakiyar shekara, kai Sani ba ka sake komawa ba, kuma na san har yau abin yana ranka ko da ba ka faɗa. Uwarku ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi mani gori ba, ta zauna a kan buhun kaya ta riƙe ƙaramarku. Sai da munka wuce garin Gene, iskar gulbi ta fara taɓa mu, sannan ta yi magana, ba ta ko dube ni ba.

"To, Baban Rabi, Inna tana nan inda ka aje ta, babu wanda ya matsar da ita. Mu kuma ina za ka aje mu?"

Ɗaki biyu munka kama a bayan tasha, uwarku ta shekara ashirin tana tuyar ƙosai a bakin hanya, matar kapitan, har hayaƙi ya ci mata ido. Ita ta biya abin da ni na faɗa, kuma ta rasu ban samu abin da zan ce mata ba. Ina roƙon Allah ya yafe mani haƙƙinta da naku. Amma in sun sake haɗa mutum biyar ɗin nan yau, sunka zaunar da ni da sandata da furfurata, sunka tambaye ni inda uwata take kwance, Gaya zan ce.